Ranar da Man Gyaɗa Ya Yi Barci

Sanyin bana ya shigo Paris ran Talata, amma ni ba a jikina na fara jin sa ba, a kwalba na gan shi. Wani baƙo daga Maraɗi ne ya kawo mana tsarabar man gyaɗa. Ɗakinmu na unguwar Goutte d'Or ɗaki ɗaya ne, ba firiji, duk abin da muke gudun ya lalace a bakin taga muke ajiye shi ta waje. Maigidana ne ya karɓi tsarabar ba na nan, ya haɗa ta da nama da nono ya fitar. Da safe na ɗaga labule na ga man ya yi fari fat, ya tsaya cik a kwalba kamar kitsen rago. Na koma bakin gado na zauna. Shekara huɗu ina hana man gyaɗa shiga gidana. Na ce ƙwannafi yake sa ni, na ce na Turawa ya fi sauƙin samu, duk don kada mutumin nan ya ga abin da na gani a Lyon.

Lokacin muna zaune a Rillieux, gefen Lyon, bene na bakwai, cikin dogayen gidajen nan masu kama da juna. Ɗiyata ta fari tana rarrafe. Turai muke ce mata, don a nan aka haife ta. Babanta yana gadi a depon wani Alhaji Abdu, mutumin garinmu, can bayan unguwar Bron, inda ake tara tsofaffin motoci da injuna da tayoyi kafin a kai su bakin teku a yi Kwatano da su. Cikin mako akwai ma'aikata suna kai da kawo. Amma daga hantsin Asabar zuwa safiyar Litinin shi kaɗai ne a filin nan, shi da wani ɗan ɗakin katako. Shekarun nan kuwa ba a rasa labari a matakalar bene: an doki wani Balarabe a tashar bas, an bi wani baƙin mutum da kare. Ban jin Faransanci sosai, amma ina jin yadda matan ke rage murya in sun gan ni. Ni dai buƙatata ɗaya ce a duniya, ran Litinin da safe in ji makullinsa a ƙofa.

Bindigar da yake gadi da ita, Alhaji ya gaje ta ne tare da depon daga hannun wani tsohon Bature, wai sojan Amirka suka bar ta tun zamanin yaƙi. Doguwa ce, mai nauyi, itacen gindinta ya yi baƙi-baƙi don riƙo. A bisa bakinta an rufa wani ƙarfe mai huji-huji kamar rariya. A ƙarƙashi kuma akwai wani ɗan itace mai zane-zane wanda ake ja baya a tura gaba. Ranar da maigidana ya fara kawo ta gida cikin buhu na ce masa ni ba zan kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Ya yi dariya, ya nuna mini babu komi a cikinta, ya ce in saurara kawai. Ya ja itacen baya, ya tura gaba. Shak, shak. Turai ta bar wasa ta juyo.

"Kin ji, Rabi? Ba don harbi ba ce," in ji shi. "Duk ɗan da uwa ta haifa, in ya ji wannan a bayansa, zai tuna ya bar tukunya a wuta."

Harsashi uku Alhaji ya ba shi, jajaye masu gindin tagulla, ko ɗaya bai taɓa harbawa ba. In ya zo gida sai ya zuba su a gwangwanin madara ya aza bisa kabad. Ina iya hawa kujera sau goma a yini in tabbata suna nan su uku.

Bindigar, Tsohuwa muke ce mata. Kowace Alhamis yakan taho da ita a ɓoye, don ɗakin gadi ba ya da ɗumin da mutum zai zauna yana kwance ƙarfe. Alhaji ya ja masa kunne kada ta bar depo, kada kuma kowa ya san da ita. Juma'a da safe sai ya shimfiɗa tabarma, ya kwance ta gaɓa-gaɓa a babban farantina, ya goge, ya ɗiga mata mai daga wani ɗan gwangwani mai dogon baki. Ubansa maharbi ne a ƙauyensu. A gidansu mace ba ta taɓa bindiga, ba ta tsallake ta, ko inuwarta ba a so ta faɗa kanta. Na tuna masa da haka, ya ce nan ba dajin Baba ba ne, nan ba shi da ƙane ba shi da aboki, in riƙe masa wannan. Haka na koyi gaɓoɓinta ban san sunan ko ɗaya ba. Akwai wanda nake ce wa ludayi, akwai ƴan tagwaye, akwai harshe.

Wata rana ya tsinto wani littafin hotuna a kwandon shara, cike da bindigogin zamani baƙaƙe wul. Daga nan Tsohuwa ba ta sake hutawa ba. Ya cire mata rariyar nan ya ce nauyin banza ce. Ya yanko bel ɗin kujerar wata matacciyar mota ya yi mata maratayi, ya yar da na fata da ya ruɓe. Ya manna mata robar taya a gindi don kafaɗa. Ya shafe itacen da baƙin fentin mota, muka yi kwana uku muna tari. Daga ƙarshe ya ɗaure mata tocila da baƙar roba mai ɗanko. Wurin da tocilar za ta zauna, nan ne layar da ubansa ya ba shi take ɗaure. Ya jujjuya, bai sami wuri ba, sai ya kwance layar ya sa a aljihu. Na ce masa ya mai da tsohuwar mutane ƴar makaranta, saura jaka. Ya ce in bari, in ya sami gindin roba irin na hoton nan, ko jandarma sai ya yi mata gaisuwa. Ban taɓa ganin sa da fara'a a ƙasar nan kamar ranakun nan na Juma'a ba, shi ya sa na daina magana.

Sai babban sanyi ya zo, a farkon shekara. Tsofaffin unguwa ma sun ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, ta yini tana zuba, da ta tsaya sai sama ta yi tas, iska ta koma wuƙa. Na shanya zanen goyon Turai a baranda, da na je ɗauka ya sandare kamar ƙirgi, na shigo da shi a tsaye. Na'urar hawa bene ta mutu, sai da ƙafa, hawa bakwai, da goyo da jakar cefane. In ka shaƙi iska a waje gashin hancinka yana ɗaurewa. Ta cikin gilashin taga ƙanƙara ta yi zane kamar ganyen zogale. Hannun maigidana ya tsage a kowace gaɓa, in ya yi alwala sai ruwan ya yi ja.

A gida kuma fari ake yi. Cikin makon ne wani ya kawo mana kaset daga Innata. Muka sa, muka zauna. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta gaida Turai da ba ta taɓa gani ba, sannan ta ce shanun Kawu sun ƙare, rijiyar gabas ta ƙafe, bana ko gyaɗar iri ba su ɗauka ba. Innata mai ƙuli-ƙuli ce, da man gyaɗa ta raine mu. Ta ce ta kife kaskon suya ta jingine turmi. Na dubi galan ɗin da ta aiko mini bara, saura kamar kwalba guda. Na juye shi a kwalba, na riƙa auna shi da ƙaramin cokali. Abincinmu tuwon semul ne, na garin alkamar Turawa, da miyar kuka tsararo, ran da aka ji daɗi taliya. In na ɗiga man nan a miya sai ɗakin ya koma tsakar gidanmu na ɗan lokaci.

Juma'ar nan ya kwance Tsohuwa kamar kullum. Ya wanke gaɓoɓin tas da fetur, ya ce tsohon man da ke ciki ya yi datti. Da ya ɗauki ɗan gwangwanin mai dogon baki, ya matsa, ya girgiza, babu ko ɗigo. Ya yi tsaki, ya ce kantin da ake sai da shi yana cikin gari, ga hanya ba kyau, ga sallar Juma'a ta gabato. Ya ce zai duba a kan hanya, ya sa kwat ya fita.

Na zauna ina kallon ƙarafan nan a faranti, busassu, sun yi fari-fari. Na san ba zai samu ba. Na san gobe zai tafi da ita haka. Sai na yi tunani, kuma wallahi tunani na yi, ba gaggawa ba. Man shanu yana barci in an yi ɗari. Manja yana barci. Man kaɗe ma haka. Amma tunda nake, duk ɗarin da aka yi a garinmu, ban taɓa ganin man gyaɗa ya yi barci ba. Shi ne kuma abu mafi daraja da nake da shi. Na ɗauko kwalbar Inna, na yi bisimilla, na shafe ludayi, na shafe ƴan tagwaye, na shafe harshe, na zuba a kowane lungu. Ban yi rowa ba. Yadda nake shafe Turai bayan wanka, haka na shafe su.

Ya dawo hannu wofi. Ya dubi farantin, ya dube ni. Ya harhaɗa ta, ya miƙe tsaye a tsakar ɗaki mai ɗumi, ya ja ya tura. Shak, shak. Ban taɓa jin ta yi santsi haka ba. Ya ce, "Kin ji ta? Kamar yau aka ƙera ta." Ran Asabar da hantsi na ɗaure masa tuwo da shayi, ya saɓa buhunsa ya sauka.

Cikin daren Asabar bututun ɗumama gidan ya fashe, ba mu sani ba sai da gari ya waye. Na tashi numfashina yana hayaƙi a cikin ɗaki. Na naɗe Turai da bargo biyu, na shiga kicin in dafa mata abu mai zafi. Kwalbar tana kusa da taga. Na ɗauka na karkata, ba abin da ya motsa. Na juya ta kai ƙasa. Fari fat, a tsaye. Na daɗe ina kallonta kamar wawiya kafin hankalina ya tafi ɗakin katakon nan na bayan Bron, wanda ko ranar lafiya bai san ɗumi ba.

Ba mu da waya, depon ma babu. Ban taɓa zuwa can ba, lambar bas ɗin kawai na sani, bas kuma ba ya tafiya. Na goya Turai, na rufa tsohon kwat ɗin babanta a kanmu, na sauka hawa bakwai na nufi ɗakin waya na bakin hanya. Ƙofar gilashin ta manne, sai da na sa kafaɗa. Na kira gidan Alhaji, shi da kansa ya ɗauka.

Na gaishe shi. Ina kwana, ina gajiya, ya sanyi, ya Hajiya, ya yara, ya kasuwa. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƴar Turawa, ya tambayi labarin gida, ya yi addu'ar ruwa. Duk wannan maganar tana bakina: Alhaji, bindigar nan ba za ta yi ba, na sa mata man gyaɗa, a je yanzu. Amma in na faɗi haka na faɗi cewa tana zuwa gida, na tona mijina gaban maigidansa. Na faɗi cewa ni mace na sa hannu a cikinta. Kuma zan faɗa wa sa'an ubana, wanda ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Alhaji, sanyin nan ne na ga ya yi yawa, na ce ko za a leƙa shi."

Ya yi dariya har da tari. "Ɗiyata, ɗan maharbi ne fa kika aura, ba ɗan tsako ba. Kwana ɗaya har kin ƙosa? To, in na yi azahar, in hanya ta buɗe, zan biya."

Na ce to, Allah ya saka da alheri, a gaida Hajiya. Ba wanda ya katse ni. Ni na ajiye wayar da hannuna.

Na koma na hau benen. Na sa kwalbar cikin ruwan zafi, ban san don mi ba. Na share ɗaki, na sake sharewa. Na ba Turai nono har ta ture ni. In na ji motsi a matakala sai in tsaya da tsintsiya a hannu. Rana ta haye, ta karkata, ba ta da zafi ko na ashana. Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa, na buɗe na ga Hajiyar Alhaji tana haki, matar da ba ta taɓa hawa benenmu ba. Ta ce in ɗauko mayafi.

Abin da ya faru, daga baya ya ba ni labari a gadon asibiti, sau ɗaya, bai sake ba. Da hantsi ne, ido na ganin ido, mutum uku suka zo da babbar mota suka datse sarƙar ƙofa, don sun san ba mai fitowa cikin wannan ƙanƙara. Ya cire safar hannu don ya riƙe Tsohuwa da kyau, ya fito ya tsaya inda za su gan shi. Ya ja itacen. Itacen ya taho rabi ya tsaya, laƙwas, ba ƙara, kamar an ja cokali cikin tuwo. Ya tura, ya ƙi. Ya sake ja. Ɗayansu ya yi dariya, ya tako a hankali ya karɓe ta daga hannunsa, ya buga masa gindin nan da ya yi wa fenti a kai. Ya faɗi bayan tarin tayoyi, hannun dama cikin ƙanƙara. Suka kwashi injuna, suka tafi da ita. Nan Alhaji ya same shi bayan azahar.

Kan ya warke. Yatsun ne suka yi baƙi, uku na hannun dama, aka yanke. Wani ɗalibi ɗan Zinder da ya zo yi mana tafinta ya ce likita ya ce da an kawo shi da wuri, da wataƙila an cece su. Ya faɗa mini ne don in san ba sakacin asibiti ba ne. Na ce masa na gode.

Alhaji ya roƙe shi kada ya ambaci bindiga gaban ƴan sanda, bai ambata ba. Gadi kuma ya ƙare. Da bazara muka tattara muka taho Paris wurin wansa, Yaya Habu, mai kantin atamfa. Yanzu yana zama bakin ƙofar kantin yana lura da masu shiga da fita. Ba ya iya naɗe turmin zane. Ba ya iya yin lomar tuwo da yatsu biyu, da cokali yake ci, kuma ba ya ci gaban mutane, sai ya juya wa ɗaki baya. Layar ubansa tana wuyansa. Sau da yawa na ji yana gaya wa Yaya Habu cewa shi ya ja wa kansa: ya raina tsohuwar aba, ya cire mata abin da masu ita suka sa mata, ya kwance layar Baba don tocila. Ina zaune ina tsince shinkafa ina ji. Na haifi na biyu a nan, na yaye shi, ban ce komi ba.

Ran Talatar nan ina zaune bakin gado ya shigo daga masallaci. Ya buɗe taga zai ɗauko nonon yara, sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗauko kwalbar da yatsunsa biyu, ya karkata ta. Ya juya ta kai ƙasa. Iska tana shigowa, bai rufe tagar ba.

"Ashe shi ma yana barci," in ji shi.

Na ce, "E."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ran Lahadin."

Ya rufe tagar a hankali. Na jira faɗa, na jira ko da tsaki ne. Sai ya ce shi ai tun ran Juma'ar ya ji ƙanshin. Ya ce a ɗakin gadi, da sanyi ya dame shi, ya riƙa kai hancinsa jikin ƙarfen yana shaƙa, yana jin kamar yana zaune ƙofar ɗakin suyar Inna lokacin da yake zuwa zance. Ya ji daɗi, shi ya sa bai tambaye ni ba. Ya taɓa layar wuyansa ya ce, "Ashe ba Baba ba ne." Ya ajiye kwalbar kusa da murhu, ya ce in yi wa yara miya da shi, kada ya lalace. Ya sa kwat ya tafi kanti.

Maganar wayar ce ban faɗa masa ba. Shi a saninsa, Alhaji biyawa kawai ya yi, Allah ya kai shi. Na zauna gaban murhu ina kallon kwalbar tana narkewa daga gefe, farin yana ja da baya, ruwan zinariya yana tasowa. Tun kafin a kira azahar ya narke duka.